Neil Cicierega: mai katun ne, mawaƙi ne, ko ɗan barkwanci?

Ƙanina ka ce kana ɗan taɓa zanen katun a waya kana kuma haɗa kiɗa, sai ka yi ta cin karo da sunan Neil Cicierega a bakin masu wannan harka, shi ne kake so ka san wai shi ɗin me ainihin sana'arsa, da me yake ci, kuma ko hanyar da ya bi za ta biyu da mutum a yanzu. To bari na yi maka bayani iya abin da na fahimta a matsayina na wanda ya daɗe a aikin editin da haɗa sauti, kuma ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo domin mutumin ba a iya bayaninsa a layi uku.

Abu na farko da nake so ka riƙe, Neil ba gwanin zane ba ne irin wanda kake tunani, kunne gare shi. Duk wani abu nasa da ya yi tashe, in ka ɓare shi ka duba ciki za ka tarar kiɗa ne da sanin daidai lokacin da ya kamata abu ya faɗo. Mutane suna ce masa mai katun ne kawai saboda ta nan aka fara saninsa.

An haife shi a 1986 a Boston, jihar Massachusetts ta Amurka. Babansa mai rubuta manhajar kwamfuta ne, saboda haka ya tashi kwamfuta na gidansu tun lokacin da ba kowane gida ke da ita ba, sannan tun yana firamare iyayensa suka cire shi da 'yan uwansa daga makaranta suka koma koyar da su a gida. Wannan ba ƙaramin tasiri ya yi ba, yaro ne da ya samu lokaci mai yawa da na'ura a gabansa kuma ba wanda yake ce masa tashi ka bar wannan shirmen. Da kiɗa ya fara ma, yana haɗa sautuka a kwamfuta da sunan Trapezoid, da ya gano akwai wasu makaɗa da suka riga shi sunan sai ya jujjuya haruffan ya koma Deporitaz.

A 2001, yana ɗan shekara 14, ya fito da wani salo da ya raɗa wa suna Animutation. Ka san yadda yaranmu suke jin waƙar Indiya ba su san me ake cewa ba sai su lanƙwasa kalmomin su koma Hausa, a yi ta dariya? To shi ma haka ya yi, sai dai da waƙar Japanawa. Ya ɗauki wata waƙa ta katun ɗin Pokémon, ya rubuta a ƙasan allo abin da kunnen Bature zai ji kamar shi ake faɗa da Turanci, sannan ya yayyanko hotunan mutane daga intanet, irin su wani ɗan wasan barkwanci na Kanada Colin Mochrie, da Harry Potter, ya sa bakunansu na buɗewa suna rufewa kamar su ke rerawa. Sunan bidiyon Hyakugojyuuichi. In ka kalle shi yau za ka ce wannan wane irin kwamacala ne, kuma gaskiya ta fuskar zane ba wani abin a zo a gani, amma ka ajiye raini ka lura da yadda kowane hoto ke shigowa daidai kan bugun kiɗa, ba ya riga ba ya makara. Abin ya bazu har jaridar intanet ta Salon ta yi rubutu a kansa a shekarar, wasu yaran kuma suka kama kwaikwayonsa har salon ya zama gari guda.

Dole ka fahimci zamanin kafin ka fahimci dalilin da ya sa abin ya yiwu. Lokacin babu YouTube, sai a 2005 aka kafa shi. Yawancin mutane ta layin tarho suke hawa intanet, gudunsa bai wuce 56k ba, ka ce za ka sauke bidiyo na minti uku ai sai ka yi barci ka farka. Abin da ya ceci masu katun shi ne manhajar Flash, domin ita ba ta ajiye kowane hoto ɗaya bayan ɗaya kamar bidiyo, tana ajiye umarni ne, ga layi nan, ga launi nan, ɗauki wannan hoton ka matsar da shi daga hagu zuwa dama cikin daƙiƙa biyu. Shi ya sa fayil ɗin yake fitowa ɗan mitsitsi. Ga kuma shafin Newgrounds na Tom Fulp, inda kowa zai iya ɗora aikinsa masu kallo su jefa masa ƙuri'a, mai kyau ya hau sama, wanda bai yi ba a share shi. A nan ne yara da yawa da suka zama manyan masu katun daga baya suka yi koyon sana'a, ba malami ba takardar shaida, sai zagi da yabon 'yan kallo.

A 2003 ya fara abubuwa biyu da suka zama ginshiƙinsa. Na ɗaya Potter Puppet Pals, wato ya mai da mutanen labarin Harry Potter 'yan tsana na hannu yana musu shaƙiyanci, da farko zana su yake a Flash, daga 2006 kuma aka ɗinka 'yan tsanan na gaske ya koma ɗaukarsu da kyamara yana sawa a YouTube. Na biyu kuma Lemon Demon, sunan da yake fitar da waƙoƙinsa da shi, shi ke rubutawa shi ke kiɗa shi ke rerawa, kuma daga 2003 zuwa 2006 duk shekara sai ya saki albam.

Bari na tsaya a kan bidiyo ɗaya domin shi ne hujjata cewa mutumin makaɗi ne kafin komai. The Mysterious Ticking Noise, ɗaya daga cikin bidiyon 'yan tsanan Potter Puppet Pals, wanda ya fita a watan Maris na 2007, tsawonsa minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Ba komai a allon sai ɗan dandamali da labule. Ana jin wani abu yana ƙas ƙas ƙas kamar agogo, sai malam Snape ya fito yana mamakin ƙarar, can sai ya fara faɗin sunan kansa a kan bugun. Sai Dumbledore ya faɗo da nasa sunan a daidai gurbin da Snape ya bari. Sai Ron ya shigo da nasa a wata murya ta daban, sai Hermione, sai Harry da nasa da sauri-sauri, kowa sunansa kawai yake maimaitawa amma kowane suna yana da tsawonsa da wurin zamansa, babu wanda ya taka wani, har abin ya cika ya zama waƙa sosai mai hawa-hawa. Kana cikin jin daɗi ka ma manta da ƙarar nan ta farko, sai Ron ya ce ya gano inda take fitowa, ashe bam ne, kowa ya yi murna, ya tashi da su. Kaga dariyar ba daga wata magana mai hikima ta zo ba, daga tsarin ta zo, ya sa ka saba da bugun har ka ɗauke shi kiɗa sannan ya tuna maka cewa tun farko fa tambaya aka yi ba a amsa ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban manhajar haɗa sauti yana jera muryoyi biyar kada su cakuɗe ya san wannan ba wasan yara ba ne. Bidiyon ya ci kyautar YouTube ta ɓangaren barkwanci ta shekarar 2007, kuma an kalle shi fiye da sau miliyan 100, nesa ma.

Kafin wannan akwai The Ultimate Showdown of Ultimate Destiny, ƙarshen 2005, waƙar da ta tara jarumai na gaske da na ƙirƙira suna dambe a gari ɗaya, Godzilla da Batman da Shaquille O'Neal da Abraham Lincoln, har da Jackie Chan da Chuck Norris waɗanda duk wanda ya yi zaman gidan kallo a nan ya san su, a ƙarshe kuma wanda ya yi nasara shi ne Mister Rogers, wani dattijo mai sanyin hali da ke gabatar da shirin yara a talabijin ɗin Amurka. To ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ba Neil ne ya zana katun ɗin ba, wani matashi ne Shawn Vulliez. Neil waƙar ya yi. Ina faɗa maka wannan ne saboda na ga yara da yawa sun ɗaura wa kansu cewa sai sun iya komai da komai su kaɗai, zane da murya da kiɗa da editin, aiki ya yi shekara bai fita ba. Shi kansa wanda kake kallo a matsayin mai yin komai, inda ya san wani ya fi shi sai ya miƙa masa. Waƙar ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin ban dariya na 2006 a shirin rediyon Dr. Demento, wanda shi ne tsohon dandalin irin waɗannan waƙoƙi a Amurka, kuma tana cikin albam ɗinsa Dinosaurchestra.

A 2010 ya yi Brodyquest, hoton ɗan fim Adrien Brody guda ɗaya tak yana tafiya yana rangaji ya keta duniya ya shige sararin samaniya, kiɗa na tashi a hankali. Nan ma dai zanen ba komai, kiɗan ne ke ɗauke da shi.

Yanzu ga inda ni nake ganin ya bambanta da sauran tsararrakinsa. Yawancin wanda Allah ya ba shi abu ɗaya ya fashe a intanet, sai ya maƙale masa, ya yi kashi na biyu, na uku, na goma, har mutane su gaji su watse ya rasa inda zai dafa. Neil da ya so da ya zauna kan 'yan tsanan nan yana tatsa har tsufa, domin a lokacin Harry Potter na kan ganiyarsa fina-finan na fitowa. Bai yi ba. Ya ci gaba da yinsu jefi-jefi in ya ga dama amma hankalinsa ya riga ya yi gaba. Akwai mutanen da suka san shi da Animutation, wasu da 'yan tsana, wasu da Lemon Demon, kuma sai daga baya su gano ashe duk mutum ɗaya ne, wannan ya zama abin da ake yawan faɗa a kansa.

A 2014 sai ya ɓullo da wani abu kuma, gwamutsa waƙoƙin mutane. Ya fitar da Mouth Sounds da Mouth Silence a shekarar, Mouth Moods a 2017, Mouth Dreams a 2020. Yadda aikin yake, za ka samo muryar mawaƙi ita kaɗai ba kiɗa, ka samo kiɗan wata waƙa daban ba murya, sai ka daidaita gudunsu, ka ɗaga ko ka sauke sautin muryar har ta zauna a kan kiɗan ba tare da ta yi karo da shi ba, wani lokacin sai ka yanka kalma-kalma ka sake jera su. Albam na farkon ya gina shi ne a kan waƙar All Star ta ƙungiyar Smash Mouth, wadda ta fito a 1999 kuma fim ɗin Shrek ya ƙara mata suna, ya yi ta cusa ta cikin waƙoƙin da Turawa ke girmamawa don tsokana. Amma wadda nake so ka nema ka saurara da abin kunne ita ce T.I.M.E. a cikin Mouth Moods. Ya ɗauki muryar waƙar Y.M.C.A., waƙar rawa da ake sawa a biki da filin wasa kowa na tsalle, ya ɗora ta kan kiɗan Hans Zimmer mai nauyi na fim ɗin Inception. Za ka fara da murmushi, kafin a kai tsakiya sai ka ji jikinka ya yi sanyi, domin da aka cire kiɗan rawar sai ga shi ashe kalmomin na wani ne yake lallashin saurayin da duniya ta juya wa baya yana ce masa akwai inda zai je a karɓe shi. Bai ƙara kalma ko ɗaya ba. Ji ya yi da kunnensa cewa akwai wannan a ɓoye cikin muryar, kuma wallahi wannan ita ce baiwar, ba manhaja ke ba mutum ita ba.

Sai Spirit Phone, albam ɗin Lemon Demon da ya fita ranar 29 ga Fabrairu 2016 bayan shekaru yana aikinsa, domin cikakken albam na baya View-Monster tun 2008 ne. Waƙoƙin na fatalwa ne da abubuwan al'ajabi da masu zargin ana ɓoye wa duniya wani sirri, akwai Touch-Tone Telephone ta wani da ke ta kiran gidan rediyo yana so a saurari abin da ya gano, akwai Cabinet Man ta mutumin da ya haɗe jikinsa da na'urar wasan gem. A ra'ayina nan ne ya fi nuna shi marubucin waƙa ne na gaske, ban dariyar na nan amma akwai tausayi a ƙarƙashi. Kuma abin sha'awa sai bayan wasu shekaru yaran TikTok, waɗanda wasunsu ba a ma haife su ba lokacin Animutation, suka tsinci albam ɗin suka mai da shi nasu.

To batun kuɗi, wanda na san shi ne ya fi damunka. Ka raba ayyukansa gida biyu. Akwai waɗanda aka gina kan kayan wasu, Animutation da albam ɗin Mouth duka, waɗannan ba shi da ikon sayarwa saboda haƙƙin mallaka, kyauta ya sake su a shafinsa. Suna jawo masa suna da masoya amma ba su ne abincin ba. Sannan akwai nasa na kansa, waƙoƙin Lemon Demon, su ne ake saye a Bandcamp ake ji a Spotify, kuma daga 2018 kamfanin Needlejuice Records ya fara buga su a faifan garmaho da kaset da CD masoya na saye. Ga tallan YouTube, ga masu tallafa masa wata-wata ta Patreon, ga aikin da ake ba shi daga waje, misali ya yi waƙa a katun ɗin Gravity Falls na Disney, inda 'yar uwarsa Emmy ta yi aikin zanen tsara labari. Ƙofofi ne ƙanana da yawa, ba wata babba guda ɗaya ba. Kai ma in za ka yi wasa da waƙar wani mawaƙi ko wani yanki na fim, ka sani YouTube na da tsarin Content ID tun 2007 da ke gane sautin mutane, ko a toshe bidiyon ko kuɗin tallan ya tafi wurin mai waƙar, don haka tun yanzu ka fara tara abin da yake naka tun daga tushe.

Ko hanyar za ta biyu yanzu? Rabi da rabi. Ƙasar da ya taka ta canza. Flash ya mutu, tun 2010 Steve Jobs ya ce ba zai bar shi a iPhone ba, Adobe kuma ta rufe shi gaba ɗaya a ƙarshen 2020, tsofaffin ayyukan ma sai da manhaja irin su Ruffle ake iya kallonsu. Abin da ya fi yi wa masu katun illa shi ne a 2012 YouTube ya koma fifita yawan mintunan da aka ɓata ana kallo a kan yawan dannawa. Yi lissafi da kanka, katun mai motsi sosai yana cin zane 12 a kowace daƙiƙa, minti ɗaya zane 720 ke nan, kai kana wata guda kan minti biyu wani kuma ya kunna kyamara ya yi surutun minti ashirin yau ya sake yi gobe, wa kake gani tsarin zai tura wa mutane? Kuma kafin ma a fara biyanka ta hanyar talla da aka saba sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Masu katun da yawa a lokacin suka bar zane suka koma wasan gem a gaban kyamara. Neil bai ji jiki kamar su ba domin shi dama bai dogara da zane mai wahala ba, ga kuma waƙa a hannu, ita waƙa ana jin ta sau ɗari, barkwanci kuwa sau biyu ya isa.

Amma ta wani gefen kai ka fi shi sa'a. Gajeren bidiyo ya dawo da ƙarfi ta TikTok da Shorts na YouTube, wanda shi ne daidai tsawon da mai katun shi kaɗai zai iya. Kayan aiki kuma ga su nan ba ko sisi, Krita da Pencil2D da Blender a kwamfuta, Audacity na gyaran murya, a waya ga FlipaClip ga BandLab. Sannan katun na barkwanci da Hausa har yanzu fili ne da ba a cika ba, masu wasan barkwanci da kyamara sun yi yawa amma masu zane da suka iya sauti ƙalilan ne.

In za ka ɗauki wani abu daga wurinsa, kada ka ɗauki abin da yake wa dariya. Nasa duk a kan talabijin da waƙoƙin Amurka na shekarun 1980 da 1990 ne da ya tashi a ciki, shi ya sa wani abin za ka kalla ka ga ba abin dariya, ba laifinka ba ne, ba da kai ake ba. Kuma in faɗa maka gaskiya akwai wasu waƙoƙinsa da ke da batsa da maganganun da ba su dace da tarbiyyarmu ba, ka zaɓa ka bar sauran. Tsarin aikin za ka ɗauka. Ka fara da sauti kafin zane, ka ɗauki muryoyin ka jera su ka yi ta saurara ido a rufe, in bai ba ka dariya a haka ba to zane ba zai cece shi ba. In ya yi, sai ka sa alama a kan layin sautin duk inda bugu ya faɗo, ka ɗora motsin a kan alamomin, ko da hoto uku ne kawai kake juyawa, baki a rufe, baki a buɗe, ido a zare. Shirun da ke zuwa kafin maganar ƙarshe ka gwada tsawaita shi da rabin daƙiƙa ka ji bambanci, sau da yawa a nan dariyar take. Ka riƙa saukar da aikin a ƙaramin fayil yadda zai wuce ta WhatsApp ba tare da ya cinye wa mutum data ba, kuma ka sa sunanka a cikin hoton kansa ba a gefe ba, don za a yanke a tura ba tare da an ambace ka ba. In ka haɗa na farko mai daƙiƙa talatin, turo min sautin shi kaɗai tukunna in saurara kafin ka zana komai.